Saura Kwana Tara

Saura kwana tara, in ji allon Alkasum.
Da alli ya rubuta a ƙofar shago, ƙasan farashin cajin sallula.
Kullum safiya ya tofa wa babban yatsa yawu,
ya shafe, ya rage ɗaya,
mu kuwa mun yi cirko-cirko kamar masu duban wata.

Tallar minti biyu ce da 'yan daƙiƙu.
Na kalle ta har wayata ta yi zafin dutsen guga.
Wata duniya mai rana biyu,
ƙasarta shuɗiya, ruwan samanta hawa yake, ba sauka ba,
ga wani jirgi ya kife cikin rairayi, haƙarƙari waje,
irin na raƙumin da ya mutu a hanyar Abalak.
Can wajen ƙarshe wata inuwa ta gifta.
Bizo ya rantse sabon dodo ne.
Zalika ta ce inuwar jirgi ce, ka rage shan shayi.
Kwana uku ba su gaisa ba.

Tsohon filin mun gwaigwaye shi kamar ƙashin miya.
Na san lungunansa fiye da na Bilbis,
na san bangon da sojan ƙarfe ke leƙowa,
na harbe shi sau dubu har na fara jin kunyarsa.
Gobe ma zai tashi ya koma inda ya saba,
mai gadin da ba a taɓa biya ba.

Giga arba'in, wai.
Waɗanda suka ƙera shi ba su san Tawa ba,
ba su san kuran da ke tafiya babu sallama
da azahar tsaka, sa'ad da ƙadangare ma ke neman inuwa.
Mun yi karo-karo cikin gwangwanin madara:
Bizo jikka biyu, kuɗin facin tayu,
Zalika ribar ƙanƙarar da take ƙullawa a leda,
ni dala ɗari da dogon alkawari.
Alkasum ya ce shago zai kwana,
ya bar injin yana tari har asuba,
ya tsare layin nan mai rarrafe
kamar mai zaman naƙudar akuya.

Inna ta ce, wai me ke tafe ne, damina?
Na ce kusan haka.
Ta ce in ya iso a tambaye shi ko ya san nawa tiyar hatsi.

Abin da ban gaya mata ba, Sahabi ne.
Shekara uku yana Abijan yana tura baro,
waya sai da salla, gaisuwar ma guntuwa.
Amma daren Asabar sunansa kan kunno kore a gefen allo,
in ji numfashinsa cikin kunnena:
ƙane, bi ta hagu, na tsare maka baya.
Nan kaɗai ya rage mana hanyar da muke bi tare.
Ya ce kada in taka sabuwar duniyar sai ya tashi aiki,
mu dira lokaci ɗaya,
mu ga rana biyun nan da ido huɗu.
Na ce to.
Ban san ko yatsuna sun ji ba.

Wataƙila su ɗaga ranar, bara sun yi.
Wataƙila tsohuwar miya ce aka sake wa kwano.
Na sani. Duk da haka jiya na warware manet ɗina,
na goge maɓallin harbi da tsinke da auduga,
na ɗaure wayar da ta kwaile da baƙin salatif.

Yau da safe akuyar maƙwabta ta lashe allon tas,
har da farashin caji.
Alkasum ya tsaya da alli a hannu yana ƙirga yatsu.
Takwas, in ji Zalika,
ko kai ba ta ɗago ba.